Ranar da Aka Ari Katin Kaka

Har yanzu in na ɓallo ƙwayar magani sai na ji tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Wata biyu ke nan da abin ya faru, kuma kowa a gidanmu ya riga ya mayar da shi abin dariya, har da wadda abin ya faɗa wa. Ni ma ina taya su dariyar. Amma ni ce na ba kakata maganin da ya kusa raba ta da duniya, da hannuna, ina yi ina tsokanarta. Bari in faro daga kan takarda, don daga can abin ya taso.

A ƙauyenmu, can gefen Yankara, babu abin da ba a ara. Ana aron turmi, ana aron rariya, ana aron gatari da tsani da mayafin zuwa biki. Wanda ya hana aro kuwa sai an yi shekara ana ba da labarinsa a bakin rijiya. Takardar likita ma tana cikin kayan aro. Tun ina firamare Kaka ta yi ciwon gwiwa, aka kai ta asibiti, likita ya rubuta mata magani, ta sha ta ji daɗi. Daga ranar takardar ta zama ta gari. Duk tsohuwar da gwiwa ta dama sai ta shigo ta ce a ba ta takardar Hajiya, ta kai wa mai kemis ranar kasuwa, ya ba ta irin maganin, ta dawo da ita haɗe da goro ko ɗan curin daddawa na godiya. Takardar nan ta je Tafoki sau biyu. Ta yi mako guda a Pauwa wurin wata 'yar'uwar Kaka. Ta sha manja a gefe guda, ruwan sama ya taɓa ta a ɗaya gefen. An ce wata rana mai kemis ya karɓe ta, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Ni dai Hajiyar nan, gwiwa nawa Allah ya ba ta?"

Ina aji uku a sakandare takardar ta fara rabewa daga inda ake ninke ta. Kaka ta kira ni ta ce tunda na ƙarar da takalma a hanyar boko, yau ga ranar amfanina, in kwafe mata ita a sabuwar takarda. Na duba rubutun likita, kamar sawun kaji a bakin rafi, ban gane ko harafi ɗaya ba. Sai na ɗora farar takarda a kai, na jingina da hasken ƙofa, na bi sawun da biro kamar mai zanen taswira. Aka kai wa mai kemis ya ba da magani. Na fi zaton ko dubawa bai yi ba, don ya daɗe da haddace ta. Amma a gidanmu tun daga ranar na zama likitar gida. Duk wata takardar asibiti ni ake miƙo wa, ni ke cewa wannan ɗaya da safe, wannan biyu bayan an ci abinci.

Shekara biyu da suka wuce aka gano Kaka tana da hawan jini. Ni na zama 'yar rakiyarta zuwa asibitin da muke zuwa a cikin gari. Muna tafe muna faɗa, muna dawowa muna faɗa, irin na jika da kaka. Ita tana ce mini ƙawata, ni ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe.

Bara muka je muka tarar an sauya tsari. Aka karɓe tsohon katinmu na kwali, aka ba mu sabo na roba mai suna da lamba. Da muka shiga wurin likita, ya auna Kaka, ya yi mata tambayoyi, sai ya juya ga kwamfuta yana dannawa da yatsu biyu. Ya gama ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na miƙe. Kaka ba ta motsa ba, ta dai miƙa masa hannu.

"Malam likita, takardar hwa?"

"Hajiya, an daina takarda. Na riga na aika maganinki can taga, ki nuna katinki kawai a ba ki."

Kaka ta waiga ta dubi ƙofa, ta dawo da kallonta gare shi. "Ka aika? Wa ka aika? Ni tun da na shigo ban ga wanda ya hita ba."

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni kuwa kunya ta kama ni, na ja ta muka fita tana ta mita, wai an sallame ta hannu wofi kamar wadda ta je gaisuwar mutuwa. Muna isa taga na miƙa kati, mai ba da magani ya danna lamba, ya kira sunanta, ya ɗauko maganin ya zuba a 'yar leda. Kaka ta leƙa ta tagar, ta leƙa ƙarƙashin teburinsa, ta ce, "To, ko ma wane ne ɗan aiken, ya hi mu sauri."

Gaskiya sabon tsarin ya yi mana daɗi. A da, Baba ya taɓa barin takardarsa a aljihu aka wanke ta da riga, sai da ya sake bin layi tun daga farko. Wata takardar kuma akuya ta cinye rabinta. Yanzu babu wannan. Da likita ya ga jinin Kaka ya daidaita, sai ya ce ba sai ta riƙa wahalar hanya kowane wata ba, ya saka mata na wata uku a kwamfuta, ni in riƙa zuwa da kati ina karɓowa. Na shiga yi wa mutanen gida bayani da fahariya, wai kwamfuta ba ta mantuwa kuma ba ta kuskure. Na faɗi wannan magana ya fi sau goma, kamar ni na ƙera ta.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, shi ne an rage wa Kaka wani matsayi. Shekara da shekaru ita ce mai takarda. Yanzu tsofaffi suna shigowa neman ta hawan jini, tana ce musu babu, an daina. Suna fita tana bin su da kallo kamar wadda aka kama da rowa.

Akwai maƙwabciyarmu da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ƙawar Kaka ce tun suna amare, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ta yi watanni tana fama da ƙishirwa da yawan zagayawa, tana ramewa kamar ana yagar ta. Kowa ya ce ta je asibiti. Matsalar ita ce buɗe sabon kati wuni guda ne: layin rubuta suna daban, layin ganin likita daban, layin taga daban. Motar ƙauyenmu kuma kafin la'asar take juyowa, don babu mai son hanyar nan in rana ta yi sanyi. Gwaggo ta lissafa ta ga ba za ta gama a rana ɗaya ba. Sai ta shigo wurin ƙawarta.

A makon ina garin Sabuwa, yayata ta haihu na je suna. Kaka ta buɗe kwallar da take ajiye katin, ta ɗauko ta miƙa wa Gwaggo. A tunaninsu su biyun abin a fili yake. Tunda takarda ce ta koma kati, aron takarda ya koma aron kati ke nan.

Yadda ta kaya a asibiti, Gwaggo da bakinta ta ba mu labari daga baya, kuma har yau in tana bayarwa sai an riƙe ciki. Ta miƙa kati, aka ce ta zauna a kan benci. Can aka fara kiran sunan Kaka. Aka kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Gwaggo tana zaune tana waige-waige, har ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Wace kurma ce wagga ake ta kira ta ƙi tashi?" Sai a kira na huɗu ta tuna yau ita ce. Ta tarar da wani likita daban, ba wanda ya san Kaka ba. Ya dubi kwamfuta ya ce, "Hajiya, kina shan maganin hawan jininki?" Ta ce tana sha, don kada ta kunyata mai kati. Ya ji bayaninta, ya sa aka huda mata yatsa, ya ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Ya danna mata magani a kwamfuta. Ya yi mata gargaɗi cewa kada ta sha shi da yunwa, kuma in ta sha ta ji jiki yana rawa, zufa tana keto mata, ta yi maza ta sa sikari ko zuma a baki.

Ta fito ta ga layin taga ya kai har bakin ƙofa, ga direba yana leƙowa yana cewa zai tafi. Ta ce a ranta wani makon ta dawo ta karɓa. Ta komo gida, ta mayar wa Kaka katinta da ƙuli-ƙuli a leda. Babu wadda ta gaya mini. Ba ɓoyewa suka yi ba. Wa ke ba da rahoto don an ari rariya an dawo da ita?

Kwana biyu da dawowata daga Sabuwa maganin Kaka ya ƙare. Na ɗauki kati na tafi. Mai ba da magani ya danna lamba, ya kira sunan Kaka, na amsa. Ya miƙo mini leda biyu maimakon ɗaya. Ta farko maganinta ne da na sani. Ta biyun wasu 'yan farare ne ƙanana.

Na ce, "Malam, wannan fa? Ba ta shan shi."

Ya sake duba kwamfutar ya ce, "Likita ne ya ƙara mata. Ɗaya da safe, kuma ta ci abinci."

Akwai mutane a bayana, wata mai goyo tana ta tsaki. Na tuna zuwanmu na ƙarshe an ɗebi jinin Kaka, sai na ce a raina sakamakon ne ya fito likita ya gani ya ƙara. Ni na haɗa wa kaina wannan bayani, babu wanda ya gaya mini. Na karɓa na yi godiya.

Washegari da safe na ɓallo guda biyu na miƙa wa Kaka da kofin ruwa. Ta ɗauki wanda ta sani ta haɗiye. Ɗayan ta juya shi a tafin hannu, ta kai shi kusa da ido.

"Ƙawata, wanga ba nawa ba ne."

"Naki ne mana. Likita ya ƙara miki."

"Yaushe ya gan ni da zai ƙara mani?"

"Ke dai tsohuwa, kin fi kwamfuta sani ne? Sunanki ne a ciki, lambarki ce. Ko tsoron 'yar ƙwayar nan kike, ke da kike tauna goro kamar tsakuwa?"

Ta harare ni ta ce, "Allah ya shirye ki, 'yar boko." Ta jefa a baki ta kora da ruwa.

Wannan wurin ne nake komawa kullum. Ta gaya mini gaskiya, na rufe mata baki da wasa.

Ranar farko da ta biyu ba a ga wani abu ba, sai dai kafin hantsi ta fara kiran yunwa, ita da ba ta karyawa sai rana ta ɗaga. Ta sha koko kofi biyu, ta nemi ɗumame. Na ce mata sabon magani ya buɗe mata ciki, ta yi hankali kada ta cinye mana rumbu. Ta ce in na ga dama in kai ƙara.

Rana ta uku muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ana son a gama kafin ranar kasuwa. Na ba ta magani da safe, na kawo mata koko, ta ce in ajiye sai ta cika kwaryar da ke gabanta. Kaka in ta sa aiki gaba ba ta jin kira. Na shiga ɗaki na ɗauko tsintsiya, na tsaya taya Inna, wato mahaifiyata, kwashe wanki. Da na dawo sai na ga kwaryar ta kife, gyaɗa ta watse, Kaka ta jingina da bango. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali sharkaf, alhali a inuwa take. Hannuwanta suna karkarwa. Na kira ta, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta fara maganar da ba ta da kai, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, tana cewa a kore awaki daga masallaci.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na riƙe kanta, jikinta sanyi ƙalau. Inna ta fito tana salati, ta kira Baba a waya yana gona. Kafin ka ce me, mata sun cika gidan. Wata ta ce hawan jinin ne ya buge ta. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wata ta fara tofi a kofi. Ni kuwa ina jin nauyin kan Kaka yana ƙaruwa a cinyata, idanunta suna lumshewa.

Gwaggo ce ta shigo daga baya, don ƙafarta ba ta sauri. Ta ratsa mata, ta tsuguna, ta shafa goshin Kaka, ta dubi zufar a hannunta, ta dubi yatsun da ke rawa. Sai na ga fuskarta ta sauya.

"Ɗiyar nan, mi kika ba ta yau?"

Na ce maganinta. Na zaro ledojin daga aljihun siket na nuna mata, na ce wannan ne sabon da likita ya ƙara.

"Yaushe ya ƙara?"

Na ce ban sani ba, a taga aka ba ni.

Gwaggo ta ce, "Innalillahi. Nawa ne. Ni aka rubuta ma shi." Ta juya ga Inna. "Ku bar hayaƙin nan. Zuma, ko sikari, duk wanda ya hi kusa."

Babu wanda ya gane abin da take nufi, amma yadda ta yi maganar ya sa Inna ta ruga ɗakin Baba ta ɗauko kwalbar zumarsa. Gwaggo ta ce in lakata in shafa mata a cikin kumatu da dasashi. Na lakata na shafa mata. Na sake, na sake. Gwaggo tana riƙe da hannun ƙawarta tana ba da labarin katin a gaban kowa, tana yi tana share hawaye da bakin mayafi, ba ta rage komai ba.

Ban san minti nawa aka yi ba. A wurina ya fi tafiyar Sabuwa tsawo. Can Kaka ta motsa baki, ta haɗiye, ta buɗe ido. Aka dama sikari a ruwa na ba ta da cokali, ta sha, ta karɓe kofin da kanta ta shanye. Ta dubi matan da suka kewaye ta ɗaya bayan ɗaya, ta dubi ƙasa, ta ce, "Wa ya zubar mani da gyaɗa?"

Gidan ya kaure da dariya da hamdala a haɗe. Ni kuka ne ya ƙwace mini, irin wanda ba ya tsayawa.

Baba ya iso da motar wani abokinsa daga Yankara. Kaka ta ce ta warke ba inda za ta, Baba ya ce ba shawara ya kawo ba. Muka tafi da ita, Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu. A asibiti aka huda yatsan Kaka, aka ce sugan jininta ya sake yin ƙasa, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Likitanta ya ce maganin yana daɗewa a jiki, sai ta kwana biyu suna lura da ita. Ya ce zumar nan ita ta riƙe ta har muka iso.

Sannan ya buɗe kwamfuta, ya ɗaure fuska. "Hajiya, a nan an rubuta makon jiya kin zo, an auna ki, kina da ciwon suga."

Kaka daga kan gado ta nuna Gwaggo da haɓa. "Ga mai sugan nan zaune."

Da aka warware masa zance, likita ya dafe kai ya daɗe bai ɗago ba. Ina tsammanin zai yi faɗa. Sai ya jawo kujera ya zauna tsakanin tsofaffin biyu, ya yi musu bayani a hankali. Ya ce takardar da suka saba ara sunan magani kawai take ɗauke da shi, ita ma aron nata ba daidai ba ne, Allah ne dai ya tsare. Katin nan kuwa mutum ne sukutum a cikinsa, da jininsa da ciwonsa da duk abin da aka taɓa ba shi. Wanda ya shigo da katin wani, ya zuba ciwonsa ne a jikin mai katin.

Kaka ta ce, "To ai da kun faɗa tun farko. Kun ba mu abu kun ce mu adana, ba ku ce kada a ba maƙwabci ba."

Likita ya ce, "Wannan kuma gaskiyarki ce, Hajiya."

A ranar aka zauna aka tsince bayanan Gwaggo daga cikin na Kaka. Aka buɗe wa Gwaggo nata katin ba tare da ta bi layi ba, aka ba ta maganinta. Ta ce da ta san haka ake samun kati da sauri, da tuni ta sa ƙawarta ta suma. Kaka ta ce saura ita ma ta ari nata ta je a ciro mata haƙori da sunanta. Mai ba da magani ya zo har bakin gado ya gaishe da Kaka, ya ba ta haƙuri, ya ce da ya duba ranar da aka rubuta maganin ya tambaye ni, da an gane. Washegari da safe ina zaune a baranda na ji wata nas tana sanarwa ga masu jiran layi, cewa don Allah kada wanda ya ara wa wani kati, ko uwa ɗaya uba ɗaya suke. Aka yi dariya. Amma na ga mata uku ko huɗu sun sunkuyar da kai suna gyara mayafi, ɗaya ma ta tashi ta koma layin buɗe sabon kati.

Kafin a sallame mu likita ya kira ni gefe. Ya ce kada in ɗora wa kaina, ba ni na rubuta ba, ba ni na ara ba. Ya ce amma daga yau in na ga sabon magani in tsaya sai an gaya mini sunan ciwon da ranar da aka rubuta, ko layi zai kai bakin titi. Na ce to. Ban gaya masa cewa mai shan maganin ta ce ba nata ba ne na ƙi ji ba.

Da muka dawo gida na tattara ledar maganin da katin na kai wa Baba. Na ce ya nemi wani ya riƙa ba ta, ni na sauka daga likitar gida. Ya dube ni ya ce to, bai ja maganar ba. Washegari da safe shi da kansa ya ɓallo ƙwayar ya kai mata.

Kaka ta ce, "Ina ƙawata?"

"Tana ɗaki. Ni zan riƙa ba ki yanzu."

"Kai da ka wanke takardarka da riga? Kai ma maganinka sai an tuna maka. Mayar."

Inna ta gwada, ta ce ita ma ta mayar. Ranar ba ta sha ba. Washegari ma haka. Ina ɗaki ina jin su, ina tuna yadda likita ya ja mana kunne cewa maganin hawan jini ba a tsallake shi. A rana ta uku Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Kin san halinta. In jininta ya hau, wannan karon da saninki ne." Ya ajiye ledar a kan tabarma ya tafi.

Na ɗauka na fita. Tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi. Na durƙusa, na yi ƙoƙarin ɓallo ƙwayar, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Na ɓallo wata. Na ajiye mata kofin ruwa a gabanta.

Na ce, "Kaka, kin ce mini ba naki ba ne. Na ji ki, na ƙi saurare."

Ta ce, "Na ce. Ni kuma na ba da kati ban gaya maki ba. In rabon laihi za a yi, nawa ya hi naki girma, kuma ni ban ga na daina cin tuwo ba." Ta ajiye carbin. "Duk gidan nan ke kaɗai ce yanzu ke tsoron maganin nan. Shi ya sa ke nika so ki ba ni. Kawo in gani."

Na zuba mata a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa, ina tsugune ina jiran abin da za ta ce.

"Wanga nawa ne," ta ce.

Ta haɗiye, ta miƙo mini kofin, ta ce in je in ɗumamo mata tuwo, in kuma leƙa ta katanga in tambayi Gwaggo ko ta karya kafin ta sha nata.